Tace Yuraniyom a Gida ko Dogaro da Kasuwa da Rumbun Duniya: Wanne Ya Fi wa Ƙasa Mai Neman Lantarkin Nukiliya?

Duk ƙasar da ta ƙudiri aniyar samar da wutar lantarki ta hanyar nukiliya, akwai tambayar da ya wajaba ta amsa tun kafin ta aza harsashin ginin tasha, wato daga ina makamashin zai riƙa zuwa a tsawon shekara 60 da tashar za ta yi tana aiki. Hanyoyin da ke gabanta huɗu ne: ta gina tata masana'antar tace yuraniyom, ko ta riƙa saye a kasuwar duniya tana mai dogaro da rumbunan ajiya idan rana ta ɓaci, ko ta sayi hannun jari a masana'antar haɗin gwiwa, ko kuma ta ƙulla da wanda ya gina mata tashar ya riƙa kawo makamashi yana kwashe wanda ya gama aiki. Zaɓin ba na kuɗi kaɗai ba ne, domin fasahar da ke samar da makamashin tashar ita ce dai fasahar da ke samar da abin haɗa bam.

A yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, nau'in da ke ba da wuta, wanda ake kira U-235, bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba. Galibin tukwanen nukiliya, wato ɓangaren tashar da makamashin ke ba da zafi a cikinsa, suna buƙatar a ɗaga shi zuwa tsakanin kashi 3 da kashi 5, bam kuma yana buƙatar kimanin kashi 90. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai zaci akwai tazara mai nisa tsakanin 5 da 90, alhali kuwa mafi wahalar aikin yana farkonsa ne. Da zarar an kai kashi 4 ko 5, an riga an yi kusan kashi biyu cikin uku na aikin da ake buƙata don kaiwa matakin bam, idan kuwa an kai kashi 20, saura ƙiris. Na'urorin da ke juyawa suna tacewa iri ɗaya ne a duka matakan, sauya tsarin bututun da ke haɗa su kawai ake yi. Masana'antar da za ta wadata tukunya ɗaya mai megawat 1,000 da makamashin shekara, wato tan 20 da wani abu, idan aka karkatar da ita tana iya fitar da abin da zai haɗa bam kusan 20 a shekara guda. Wannan ne dalilin da ya sa tasha ba ta tayar wa maƙwabta da hankali kamar yadda masana'antar tacewa ke yi.

Masu goyon bayan hanya ta farko suna da hujjar da bai kamata a raina ba, kuma ita ce dai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, wadda aka fara sa wa hannu a 1968 ta soma aiki a 1970, ta tabbatar a sashe na huɗu cewa kowace ƙasa da ke cikinta tana da haƙƙin cin moriyar nukiliya ta fuskar zaman lafiya, kuma babu inda ta haramta tacewa. Tarihi ma ya ba su abin kafa hujja. Amurka ce ta gina wa Indiya tashar Tarapur da alƙawarin makamashi na shekara 30, amma bayan gwajin bam da Indiya ta yi a 1974 da dokar da majalisar Amurka ta kafa a 1978, sai aka daina kai mata, har sai da Faransa ta karɓi aikin, daga baya Sin, sannan Rasha. Iran kuma a zamanin Shah ta ba da rancen dala biliyan 1 a 1974 don gina masana'antar tacewa ta Eurodif a Faransa, ta mallaki kashi 10 cikin 100 na kamfanin, amma bayan juyin juya halin 1979 ba ta taɓa karɓar makamashi daga can ba, rigimar kuɗin ma sai a 1991 aka sasanta ta. Duk mai son ya shawo kan wata ƙasa ta bar tacewa, dole ya fara amincewa cewa waɗannan abubuwa sun faru, kuma ba a manta da su ba.

Sai dai idan aka auna hanyar da ma'aunin abin da take alƙawartawa, wato 'yancin kai, ba ta cika alƙawarin. Tacewa mataki ɗaya ne daga cikin matakai huɗu: haƙo ma'adinin, mayar da shi sinadarin da ke zama iska idan ya ji zafi domin ya shiga na'ura, tace shi, sannan ƙera sandunan da za a jera cikin tukunya. Ƙasar da ta mallaki mataki na uku kaɗai tana nan dai a hannun wasu a sauran ukun. Babu misalin da ya fi na Iran bayyana haka, domin bayan shekaru fiye da 20 na takaddama kan wuraren tacewarta na Natanz da Fordo, bayan takunkumi da yarjejeniyar 2015 da ta ƙayyade tacewa a kashi 3.67, da ficewar Amurka daga cikinta a 2018, da kaiwar Iran kashi 60 a 2021, da hare-haren Isra'ila da Amurka na watan Yunin 2025, tashar Bushehr da ke ba ƙasar lantarki da makamashin Rasha take aiki tun da aka haɗa ta da layin wuta a 2011. Ta fuskar kuɗi ma lissafin bai fita. Sabuwar masana'antar Faransa da ke Tricastin tana iya ciyar da tukwane fiye da 50, kuma yawan masu saye ne ke sauko da farashinta, don haka ƙaramar masana'anta da aka gina saboda tukunya biyu ko huɗu ba za ta taɓa yin gogayya da ita ba. Afirka ta Kudu, wadda ta ƙera bam shida ta kuma wargaza su da kanta kafin ta shiga yarjejeniyar a 1991, ta rufe masana'antar da ke tace wa tashar Koeberg makamashi a 1995 saboda saye a waje ya fi sauƙi. Barazil tana tacewa a Resende cikin lumana, ƙarƙashin idon sufetocin duniya da na hukumar haɗin gwiwa da ta kafa da Ajantina a 1991, amma har yanzu ba ta wadata tashoshinta na Angra da kanta ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda mafi yawan ƙasashe 30 da wani abu masu tashoshin nukiliya ke bi. Kamfanoni huɗu ne suka riƙe kusan dukan kasuwar tacewa: Rosatom na Rasha wanda ke da kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙarfin tacewa na duniya, da Urenco na Birtaniya da Holand da Jamus, da kamfanin gwamnatin Sin, da Orano na Faransa. Abin da ke ƙarfafa wannan hanya shi ne yanayin makamashin kansa. Tashar iskar gas tana mutuwa ranar da aka rufe bututu, ita kuwa tukunyar nukiliya sau ɗaya ake yi mata ƙari a cikin wata 12 zuwa 24, a kowane karo ana sauya kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na abin da ke cikinta. Makamashin shekara guda manyan motoci kaɗan ne za su ɗauke shi, ba ya lalacewa a ajiye, kuɗinsa kuma ƙaramin kaso ne na farashin wutar. Ƙasar da ta ajiye ƙari biyu a ɗakin ajiyar tasharta ta sayi kwanciyar hankalin shekara uku da kuɗin da bai kai ko kusa da na gina masana'anta ba. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a duk muhawarar, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Raunin kasuwar yana cikin ƙarancin masu sayarwa, kuma shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa siyasa na iya shiga cikinta. A watan Mayun 2024 Amurka ta kafa dokar hana shigo da tataccen yuraniyom daga Rasha, tare da rangwame har ƙarshen 2027 saboda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tashoshinta ke ci daga can yake zuwa, ita ma Rasha ta mayar da martani a watan Nuwamba da taƙaita fitarwa. Idan manya suna yi wa juna haka, ƙaramar ƙasa tana da dalilin neman wani abin dogaro da ba ya hannun kowace gwamnati.

A nan ne batun rumbun duniya ya shigo. Tunanin ya girmi yawancin tashoshin da ke aiki yau, domin shugaban Amurka Eisenhower ya gabatar da shi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Disambar 1953, kuma daga jawabin nasa aka kafa Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, a 1957. Ya yi rabin ƙarni yana kan takarda, har sai da shugaban hukumar na lokacin, Muhammad ElBaradei, ya farfaɗo da shi a 2003. A 2006 attajirin nan Warren Buffett ya yi alƙawarin dala miliyan 50 bisa sharaɗin wasu su kawo miliyan 100, sai Amurka da Tarayyar Turai da Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Nowe suka cika. Majalisar gwamnonin hukumar ta amince a watan Disambar 2010, aka sa hannu da Kazakistan a 2015, rumbun ya soma aiki a 2019 a masana'antar Ulba da ke birnin Oskemen. Abin da ke ciki tan 90 ne na yuraniyom da aka tace zuwa kashi 4.95, a cikin gangunan ƙarfe 60, mallakar hukumar ce ba ta Kazakistan ba. Ƙasar da aka yanke wa makamashi saboda wani yanayi na musamman, ta nema a kasuwa da wajen wasu ƙasashe ta rasa, tana iya saye daga rumbun a farashin kasuwa, muddin tana da cikakkiyar yarjejeniyar bincike da hukumar kuma tana kiyaye ta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ba a ce sai ta yafe haƙƙinta na tacewa ba, sharaɗin da ya kashe shawarwarin farko saboda ƙasashe masu tasowa sun ƙi shi.

Amma mai yanke shawara ya kamata ya san iyakar wannan rumbu kafin ya jingina da shi. Tan 90 cikin tukunya ɗaya ne mai megawat 1,000, ko ƙari uku, a duniyar da ke da tukwane fiye da 400, don haka magani ne na ƙasa ɗaya da ta shiga matsala, ba na rikicin da ya game kasuwa ba. Kazakistan ba ta da gaɓar babban teku, saboda haka galibi kayan sai sun ratsa Rasha ko Sin, abin da ya sa hukumar ta ƙulla yarjejeniyar wucewa da kowace daga cikinsu. Ƙasar da ta fi fargabar yankewa, wato wadda ke takaddama da hukumar kan bincike, ita ce kuma ba za ta cancanta ba. Mafi girman giɓin shi ne abin da ke rumbun ɗanyen kaya ne, ba sandunan da aka ƙera ba, kuma kowace irin tukunya tana da siffar sandunanta, wadda sai hukumar kula da lafiyar nukiliya ta ƙasar ta gwada ta ba da lasisi kafin a saka. Yukiren ta ɗauki shekaru fiye da goma tana gwada sandunan kamfanin Westinghouse na Amurka a tukwanenta ƙirar Rasha, tare da matsalolin da aka fuskanta a tsakani, kuma wannan dogon shiri ne ya ba ta damar barin makamashin Rasha bayan 2022. Bulgeriya da Finland da Jamhuriyar Cek sun bi sahu daga baya. Da a ce Yukiren ba ta yi wannan aiki ba, tan 90 na Oskemen ba za su kunna mata ko tukunya ɗaya ba. Akwai kuma rumbun tan 120 da Rasha ta ajiye a Angarsk tun 2010, da wanda Amurka ta haɗa daga tan 17.4 na yuraniyom ɗin makamai da aka sirka, amma duka biyun suna ƙasar gwamnatocin da su ma masu sayarwa ne.

Hanya ta uku, wato hannun jari, ta fi kyau a ji fiye da a aikace. Tana da salo biyu. A na Urenco, wanda yarjejeniyar Almelo ta 1970 ta kafa, ƙasashen uku sun haɗu a kan fasahar kanta, kuma daga wani kamfani da ke yi wa Urenco aiki a Holand ne Abdulƙadir Khan ya kwashi zanen na'urorin ya koma Pakistan a 1975, zanen da daga baya ya kai Iran da Libiya da Koriya ta Arewa. A salo na biyu, irin na Eurodif da cibiyar Angarsk da Rasha da Kazakistan suka kafa a 2007, wadda Yukiren da Armeniya suka shiga da kashi 10 kowace, mai hannun jari yana samun riba da kaso a cikin kaya amma ba ya ganin cikin na'ura. Wannan ya toshe ƙofar da Khan ya bi, sai dai ya bar mabuɗin a hannun mai masauki, kuma labarin Iran da Eurodif ya nuna abin da takardar hannun jari ke zama idan dangantaka ta yi tsami. Jamus ta taɓa ba da shawarar a gina masana'anta a wani yanki da hukumar IAEA ce za ta yi iko da shi, amma ba a kai ga aiwatarwa ba. Hannun jari ƙari ne mai amfani a kan kwangilar saye, bai isa ya maye gurbinta ba.

Hanya ta huɗu ita ce ta fi kowace taimaka wa hana yaɗuwar makamai, domin ita kaɗai ce ta kula da ƙarshen al'amarin. Akwai hanyar bam ta biyu wadda ba ta bi ta tacewa ba: sandunan da suka gama aiki a tukunya mai megawat 1,000 suna ɗauke da kimanin kilo 200 na fulutoniyom, sinadarin da ke samuwa a cikin sandunan yayin da suke aiki, a kowace shekara, alhali kilo 8 hukumar ke lissafawa a matsayin abin da ya isa bam ɗaya. Da fulutoniyom daga tukunyar bincike da Kanada ta ba ta Indiya ta yi gwajin 1974, da nata fulutoniyom ɗin kuma Koriya ta Arewa ta yi gwajinta na farko a 2006. Idan mai sayarwa ya kwashe sandunan, ƙasar ta huta da nauyin sharar da za ta yi dubban shekaru tana da haɗari, maƙwabtanta kuma sun huta da zargi. Rasha ce kaɗai ke ba da wannan a aikace: ta ƙulla haka da Iran a 2005 kan Bushehr, da Bangaladash a 2017 kan Rooppur, a Turkiyya kuma ita ce ke ginawa ta mallaki tashar Akkuyu. Dokar Faransa ta hana ajiye sharar wasu ƙasashe a ƙasarta, Amurka kuma ba ta da matsugunin dindindin ko na tata sharar. Farashin wannan sauƙi shi ne dogaro da hannu ɗaya. A tashar El Dabaa ta Masar, rancen dala biliyan 25 da ginin tukwane huɗu da makamashin tsawon rayuwar tashar duk daga Rasha suke. Ƙasar da ta bi nan ta rage haɗarin makamai, amma ta tara haɗarin siyasa wuri guda, kuma ita ce ta fi kowa buƙatar mai ƙera sanduna na biyu.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta nuna yadda hanya ta biyu take idan an bi ta da shiri. A 2009 ta haramta wa kanta tacewa da cire fulutoniyom a dokarta da kuma yarjejeniyarta da Amurka, ta ba kamfanin Koriya ta Kudu ginin tukwane huɗu a Baraka, a 2012 kuma ta rarraba kwangilar ma'adini da tacewa ta kusan dala biliyan 3 tsakanin kamfanoni shida na ƙasashe daban-daban, har da na Rasha da na Faransa da Urenco. Tukunyar farko ta kama aiki a 2020, ta huɗu a 2024, tashar tana ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar ƙasar. Ko ita ma ta bar wa kanta ƙofa, domin yarjejeniyar ta ba ta damar neman a sake zama idan Amurka ta ba wata ƙasa a yankin sharuɗɗa mafi sauƙi, kuma Saudiyya ta daɗe tana ƙin irin wannan alƙawari.

Hukuncina shi ne ƙasar da za ta gina tukunya ɗaya zuwa shida ta bar tacewa, ta zaɓi kasuwa, amma ta tsara kariyarta da hannunta maimakon ta jira rumbu. Ta raba kwangilar tacewa tsakanin kamfanoni aƙalla biyu da ba sa ƙarƙashin gwamnatoci masu ra'ayi ɗaya. Ta sa a cikin kwangilar ginin cewa mai ginin zai ba da bayanan da wani kamfani zai buƙata don ƙera sandunan da suka dace, domin a lokacin ciniki ne kaɗai take da ƙarfin neman haka. Ta ajiye ƙari biyu na ƙerarrun sanduna a gida, ta nemi a kwashe waɗanda suka gama aiki idan mai sayarwa zai yarda, ta kuma sa hannu a ƙarin yarjejeniyar bincike ta 1997 wadda ke ba sufetoci damar shiga wuraren da ba a bayyana ba, saboda kyakkyawan tarihi da hukumar shi ne ke buɗe rumbun Oskemen ranar da aka buƙace shi. Game da yafe haƙƙin tacewa har abada, ina ganin ƙasa tana iya ƙin aikata abu ba tare da ta rubuta cewa ba ta da ikon yinsa ba, kuma idan za ta rubuta, ta karɓi tabbacin makamashi a rubuce mai nauyi daidai da abin da ta bayar. Lissafin yana sauyawa ne kawai ga ƙasar da ke da tukwane masu yawa da ma'adininta da daɗaɗɗen tarihin amana da sufetoci, ita ma masana'antar haɗin gwiwa da wani gogaggen kamfani ya riƙe sirrin na'urorinta ta fi mata masana'antar kaɗaici.

Masu sha'awar sababbin ƙananan tukwane da ake tallatawa yanzu suna da ƙarin abin dubawa. Da dama daga cikin ƙirarsu suna cin yuraniyom da aka tace tsakanin kashi 5 da kashi 20, wanda ya wuce abin da ke cikin rumbun Oskemen, ya fi kusa da matakin bam, kuma Rasha ce kawai ta daɗe tana sayar da shi da yawa a kasuwa, yayin da Amurka da Birtaniya ke ƙoƙarin kafa nasu. Ƙasar da ta zaɓi irin wannan tukunya ta fita daga inuwar kasuwar kamfanoni huɗu da ta rumbun hukumar a lokaci guda, don haka wadda ke son kariyar da aka zayyana a sama ta tsaya kan tukunyar ruwa da ke aiki da ƙasa da kashi 5, babba ce ko ƙarama.